Awon Mahauci

"Baba, ba ni littafin awonka in gina maka shafi a intanet," in ji 'yar tela. "Kowa ya auna kansa a gida ya turo, gwiwoyinka su huta."

"Ke da ko zare ba ki iya zurawa a allura?"

"Akwai manhajar da aka yi don teloli. Da yatsa kawai ake jan abu a ajiye."

Ya yarda, bisa sharaɗin ba za a taɓa bencin hira ba. Ba a taɓa shi ba, masu zama a kansa ne suka daina zuwa.

Bayan wata bakwai awon mahauci ya shigo, aminin tela na shekara talatin. Ƙugu inci talatin da huɗu. Tela ya yi dariya har da tari.

"Maƙaryaci! Ko a waya sai ya ɓoye tumbi."

Ya yanka yadi a kan arba'in da huɗu, awon da ya sani da ka, ya ɗinka ya aika.

Sati uku bayan haka matar mahauci ta dawo da rigar a ninke, idonta a kumbure.

"Sau ɗaya ya sa ta kafin ya rasu, ta yi masa yawa kamar buhu. Ya ce, ashe tela bai san na ƙare ba."

'Yar ta samu teloli arba'in masu son shafi. Gwiwoyin tela sun huta. Shi kuwa ya rasa amini, wanda da ya zo awo, da tef ɗin awo ya gaya wa tela cewa ya rame.