Kwamfuta a Cikin Lefe

Bayan la'asar Ikrama ya ajiye kwamfutoci biyu a kan tabarmar zauren su Mashkura a Karaye. Ɗaya siririya ce mai ƙyalli, ɗayar kuwa baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen guga.

"Yaya Laure ta ce siririyar za a saka a lefe," ya ce. "Wai ta fi dacewa da amarya, tunda kallon fim ne kawai zai rage miki."

Mashkura ta jawo kwamfutocin gabanta. Ita ke zana katunan biki da fostoci a unguwar, kuma ta san inda maganar yayarsa ta dosa. Ta soka filashinta a siririyar, ta buɗe fostar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, cike da hotunan ɗalibai. Manhajar zanen ta tsaya cak. Ta mayar da filashin kan baƙar, fankarta ta yi gurnani, fuskokin yaran suka fito tar.

"Waccan ta matar da za ta ajiye sana'arta ce, Malam Ikrama. Idan ita kake nema, ba a gidan nan take ba."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya rufe siririyar, ya zura ta cikin jaka.

"Baƙar tana shan wuta sosai, ko?"

"Sosai ma."

"Na sani. Shi ya sa tun makon jiya na sa aka kafa sola a rufin ɗakinki da ke garinmu, Turawa."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, amma idanunta sun riga sun tona ta.