Ranar da Tafinta Bai Zo Ba

Ana shirin wasan ƙarshe aka ce tafinta ya tafi Beijing kallon Olamfik. Kociyar, Bakanuwa mai horar da 'yan matan wata jami'ar Guangzhou ƙwallon kwando, ta tsaya bakin fili tana huci. Sinancinta bai wuce na kasuwa ba.

Da aka fara wasa, aka yi ta zura wa 'yan matanta ƙwallo. Ta yi nuni da hannu har ta gaji, babu wadda ta gane.

Haushi ya ishe ta, ta daka tsawa da Hausa: "Ku koma baya mana! Ku tare ta!"

Nan take suka juya a guje, suka tare. Kyaftin ɗinsu ta waiwayo tana haki, ta amsa da Hausa: "To, Malama, mun ji! Kullum faɗa, har mun iya Hausa!"