Ranar da Ungozoma Ta Nemi Ajami

Tunda ka ce raba manhaja gida uku ɓata lokaci ne, zauna ka ji wani misali.

Wata ƙungiyar ungozomomin karkara ta nemi a gina mata manhajar waya, wadda za ta riƙa tuna musu ranar awon kowace mai ciki da watan haihuwarta. Aka ba mutum biyu gwaji, mace da namiji, aka ce wanda tasa ta karɓu shi za a ɗauka aiki. Namijin gwani ne, ba a raina masa. Cikin mako uku ya gama, lissafin kwanaki da rubutu da maɓallai duk a tukunya guda kamar dafa-duka. Ita kuwa sai ta tsaya rabo. Ta gina rumbu, inda sunaye da ranaku da lissafinsu suke zaune. Ta gina fuska, wato abin da ido ke gani yatsa ke taɓawa, ba ta ɗora mata komai ba sai nunawa. Sannan ta sa dillali a tsakani: in an taɓa fuska shi ake gaya wa, shi zai je rumbu ya ɗauko, ya shirya, ya miƙo. Fuska ba ta san hanyar rumbu ba, rumbu bai san kamannin fuska ba. Mako shida ta kwashe, abokin takararta yana tsokanarta, wai kafin ta gama jariran sun fara rarrafe. Maganar tana yi mata ciwo, domin aikin nan take nema ido rufe, shekara biyu tana zaman gida da takardunta. Amma ta haɗiye, ta ci gaba.

Ranar gwaji shugabar ungozomomin ta zo da 'yan rakiyarta, wata tsohuwa da rabin mutanen garinsu a hannunta suka faɗo duniya. Ta karɓi wayar, ta nisantar da ita, ta matso da ita, sannan ta ajiye. "'Ya'yan nan, wannan ai boko ne," in ji ta. "Mu ajami muka iya." Wata da watanni 'yan birni suna taro a kan manhajar, babu wanda ya tuna ya tambayi masu abin da wane rubutu suke karatu. Tsohuwa ta ce jibi motar kasuwa za ta mai da su gida. In an gyara kafin nan, to. In ba a gyara ba, za su ci gaba da ja wa kowane wata layi a bango da gawayi, yadda suka gada.

Namijin ya duƙufa. Ajami daga dama yake tashi, da ya juya rubutun sai maɓallai suka hau juna, da ya taɓa maɓallan sai lissafi ya kwance, domin a cikinsu ya binne shi. Mai cikin wata takwas ta koma wata biyu, wata kuma manhajar ta ce tun bara ta haihu. Macen kuwa fuskar boko kawai ta cire, ta shirya ta ajami da manyan baƙaƙe da wasulla, ta haɗa ta da dillali. Rumbu ko labari bai ji ba. Yini ɗaya ya ishe ta.

Da ranar ta zo, tsohuwa ta bi rubutun da yatsa daga dama zuwa hagu, leɓɓanta suna motsi, har ta karanto da ƙarfi: "Talatuwa matar maƙeri, awo ran Laraba." Ta ɗago kai ta ce, "Haka ne kuwa. Wa ya yi wannan?" Macen ta miƙe tsaye a gaban kowa ta ce ita ce, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma rage murya ba. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ta cancanci jin daɗin. Kafin a watse, mai tsokanar tata ya matso da takarda da biro, ya roƙe ta ta zana masa gidajen nan uku.

Ka lura, ba a yinin nan ɗaya ta ci aikin ba. A makonnin da ake yi mata dariya ta ci shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.