Goggo Mai Ƙugiya

A duk ma'aikatan jirgin ƙasa babu wanda ya tsani haɗari kamar Sarkin Ƙugiya. Abin da ya fi tsana kawai shi ne a daɗe ba a yi ba.

Ba mugun mutum ba ne. Shi ne dai shugaban masu aiki da Goggo, tsohuwar ƙugiyar da ke tafiya a kan layin dogo tana ɗaga taragon da ya faɗi. Kafin zuwanta, in jirgi ya kauce, da gungumen itace da igiya da ihu ake mayar da shi, ihun ya fi yawa. Ta fara aiki da tururi, daga baya aka sa mata injin dizal, sannan kowane manaja ya zo sai ya ƙara mata wani ƙarfe don a tuna da shi. Ba a taɓa cire komai ba.

Al'adarsu ce, in sun gama ceto, ba sa komawa ta gajeriyar hanya. Sai su zagaya da Goggo tasha-tasha, jama'a na tafi, layi na ƙara a ƙarƙashinta.

"Kun ji ko?" in ji Sarkin Ƙugiya. "Har ƙarfe gaishe ta yake yi."

Kuma ikon Allah, aiki bai taɓa yanke musu ba.

Matsala ta fara ne daga karramawa. Hukuma ta ce a yi wa Goggo fenti saboda dogon tarihinta. Aka shigar da ita rumfa, mai fenti ya shafa gefe ɗaya, ya tafi sayo buroshi. Damina ta zo ta wuce. Jirage suka yi ta isa inda za su lafiya lau, abin ba daɗin ji. Yaran Sarkin Ƙugiya suka ƙware a karta, suka yi tumbi.

Ana haka aka kawo sabon Manaja, mai son motocin ceto na zamani masu taya.

"Malam, yaushe rabonku da aiki?" ya tambayi Sarkin Ƙugiya.

"Ranka ya daɗe, aikinmu ai jira ne."

"To kun iya. In kwamiti ya zauna ba ku ɗaga ko kwano ba, Goggo ta 'yan gwangwan ce, ku kuma ku koma gida ku ci gaba da jiran."

Har ɗan gwangwan ya zo dubawa. Ya zagaya ta, ya kalli katakon da ke ƙarƙashin ƙafafunta ya nutse cikin ƙasa, ya yi fito.

"Yallaɓai, wannan sikelina ba zai ɗauka ba. Sai an yanka ta gunduwa-gunduwa."

Sarkin Ƙugiya ya koma gida ya ture abinci.

"Baban yara," in ji matarsa, "kai kaɗai ne mijin da ke ɓata rai don mutane sun isa gida lafiya."

"Ni na ce a mutu? Tarago ɗaya nake nema, ko na gishiri ne, ya ɗan kishingiɗa."

"Ka dai tuna ƙanena ne ke jan jirgin kaya."

"Ai shi ya sa na ce kishingiɗa."

Washegari ya ɗauki sufana ya nufi babbar kwanar da ke bayan gari. Ya tsuguna, ya ɗora ta a kan notin da ke riƙe da ƙarfen layi. Juyi kaɗan zuwa hagu, yaransa sun tsira da aikinsu. Ya tuna surukinsa, ƙanen matar tasa, wanda ba ya ƙaunarsa sosai amma yana da 'ya'ya. Ya daɗe a tsugune, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya juya sufanar dama, ya ɗaure notin tam, ya ɗaure na kusa da shi, ya tashi yana zagin kansa.

Alfarma ɗaya ya roƙa wajen Manaja: a bar shi ya fita da Goggo zagayen ban kwana. Suka fita, rabinta ja, rabinta tsatsa. Layi ya gaishe ta da ƙarfi fiye da kullum, musamman a kwana. Sarkin Ƙugiya ya share ido, ya ce hayaƙi ne.

Kafin mako ya zagayo, jirgin siminti ya sauka daga layi a daidai kwanar nan. Babu wanda ya ji ciwo sai simintin. Suruki ya fito fari fat, yana salati yana tari.

Goggo ta iso tana huci. Ta ɗaga taragon farko kamar uwa ta ɗauki jariri, ta dire shi a kan layi, ta koma kan na biyu. 'Yan kwamiti, da aka kawo su ganin ɓarna, suka ɓuge da tafi. Sarkin Ƙugiya ya ɗaga hannu sama. Ya ƙi yin mugunta, ga shi Allah ya saka masa, zuciyarsa fes.

Manaja ya soke sayen motocin. Ya kuma ba da umarni, don ƙarin tsaro, Goggo ta riƙa sintiri a duk layin kowane mako.

Ba wanda ya taɓa auna Goggo, don babu sikelin da zai ɗauka. Ta fi ƙarfin layin tun manajoji da yawa da suka wuce. Duk inda ta bi sai ta buɗa ƙarafan da faɗin yatsa, jirgin da ya biyo baya ya ƙarasa sauran.

Sarkin Ƙugiya bai taɓa ɗaga taragon da ba Goggo ce ta kayar ba.