Sunan da Aka Kira a Layin Likita

Ku rufe min baki. Yaro bai iya wanke wuyansa ba, ya zo yana tambayar ko ubansa maƙaryaci ne, don wani ɗan banza ya faɗa a makaranta! Ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

Ubanku babbar mota yake ja. Mutum ne mai ɗaukar buhu ya hau bene da shi yana waƙa. Ƙungiyar direbobi ta yi masa katin asibiti na kyauta, shi kuma ya yi inshorar rai, wadda in mutum ya mutu kamfani ke biyan iyalinsa. Ranar da motarsa ta kauce hanya, ku ukun nan ko takalmi ba ku iya sa wa kanku ba.

Da uwarku ta fita takaba, ta ɗauki goyo ta nufi kamfanin. Yayanta, kawunku, ya raka ta, don shi da marigayi tun suna samari ba a raba su. Ko da suka yi iyali, duk ƙarshen wata sai sun fita tare tun da safe, wai zumunci. Ofishin yana hawa na biyu. Kawunku ya tsaya a tsakiyar matattakala ya dafa bango, ya ce ta wuce, takalminsa ne ke damunsa. Dama kullum a take yake da bayan takalmin, ana yi masa tsiya wai rowar sayen sabo.

Wani ɗan kwat ya zaunar da ita, ya yi mata ta'aziyya da murya mai laushi. Sannan ya ce babu abin da za a biya. Wai sun bincika asibiti, marigayi ya yi shekaru yana karɓar maganin ciwon zuciya, ya ɓoye musu. Wataƙila ma zuciyar ce ta tsaya masa a kan sitiyari.

"Malam, ni nake wanke masa riga," in ji uwarku. "Ko maganin mura ban taɓa tsinta a aljihunsa ba."

"Hajiya, maza ba komai suke faɗa a gida ba."

Wannan maganar ta fi hana kuɗin ci mata rai. Ta dawo ta zazzage ɗakin kaf, har katifa ta farke, ba ta ga ƙwaya ɗaya ba. Mai gidan da kuke haya ya fara aiko da gaisuwa mai yawa, irin ta masu son ɗakinsu. Ta koma kamfanin har mai gadi ya daina tambayarta wurin wa ta zo. Dangin miji suka fara cewa ai ita ta sani, bakinsu ɗaya. Ita kuwa takan zauna ta zuba wa hotonsa ido, abinci na hucewa a gabanta.

Kawunku ya ce, "Ƙanwata, ki bar wa Allah. Ni zan riƙe yaran." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Da ta ce ya raka ta asibitin, ya ce shi ba ya jure warin wurin.

Sai ta daina shawara da kowa. Wata safiya a ƙarshen wata ta ɗaure hoton a bakin zane ta tafi ita kaɗai. Niyyarta ta ajiye shi gaban likita ta ce, dubi fuskar nan, ka rantse ka taɓa duba shi.

Layin masu ciwon zuciya ya cika baranda har ya zagaya bayan ginshiƙi. Ta samu gefen benci ta raɓa. Ma'aikaciya ta leƙo tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta kira sunan ubanku, cikakke, har da na mahaifinsa. Ashe babu wanda ya gaya wa asibitin an binne mai katin.

Daga bayan ginshiƙi wani ya ce, "Na'am."

Uwarku ta ga bayansa yana jan ƙafafu kumburarru, bayan takalmi a take, yana dafa bango. Taku kaɗan ne tsakaninta da ƙofar likita. In ta shiga ta buɗe hoton, an wanke mijinta, kamfani ya biya. Mai amsa sunan kuma a yanke masa magani, in ma ba a ɗaure shi ba.

Ta daɗe a zaune, hannunta a kan ƙullin zanen. Sannan ta gyara goyonta ta fito. Ba ta sake taka kamfanin ba. Ta sayar da gadonta na aure, kuka dawo gidan nan, ta kama wankau.

To kun ji. Ubanku bai taɓa ciwon zuciya ba, taurin kai da taushin hali ne suka yi masa yawa. Ku tashi ku kwanta. Kuma ku wuce ƙofar kawunku a hankali, ban da guje-guje, don zuciyar da aka yi ta wa magani da sunan ubanku a ƙirjinsa take.