Furen Yaya a Kan Juji

Kai da kake cewa abinka ya mutu har ka fidda rai, zauna ka ji. An yi wata mata mai tsabtar tsiya, irin wadda ko karan tsintsiya ya faɗi a tsakar gida sai ta sunkuya ta ɗauke. Yayarta ta kawo mata dashen wani fure ruwan goro a fasasshen kasko, ta dasa shi kusa da randa. Damina ba ta raba ba Allah ya yi wa yayar rasuwa, furen nan ya zama shi kaɗai ya rage mata na 'yar'uwarta.

Da kaka ta yi, ganye ya fara yaushi, furanni suka bushe suka yi baƙi. Matar nan ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ta rage, duk ɗaya. Maƙwabciya ta ce gara ce, ta barbaɗa toka. Wata ta ce kambun baka ne, ta kewaye shi da zana. Maigida ya ce rijiyarsu akwai kanwa, ta koma ɗebo ruwan rafi. Kowa likita, amma ba wanda ya san furen nan damina ɗaya ce ransa, kamar gero, irinsa kuma yana cikin busasshen kansa. Kullum da safe sai ta share busassun kawunan da suka zube, ta kai juji da sauri, don kunyar kada a ga ta kasa riƙe amanar yayarta. Rani guda ta yi tana bin kasuwanni tana kwatanta furen, masu sayar da iri suna miƙo mata na alayyafo da na yakuwa.

Ruwa ya sauka, gindin randa shiru. Can bayan gida kuwa wani tsiro ya rufe juji, tana takawa kullum, a zatonta ciyawa ce. Ran nan ta fito zubar da shara, ta tarar juji ya yi ruwan goro daga sama har ƙasa. Ta ajiye kwando, hawaye suka zubo, ta ce, "Yaya, ashe ni ce nake zubar da ke."

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.