Ƙofar da Ke Tambayar Suna

Tun da aka sallami masu gadi, ƙofar asibitinmu ba ta buɗewa sai mai ziyara ya faɗi sunan majinyacinsa daidai. Ni na rubuta mata sharaɗin, ina sabuwar shiga aiki.

Ranar Talata na tarar da wata tsohuwa a gabanta.

"Wajen wa kika zo?" in ji ƙofar.

"Wajen babban nawa. Yanzu za a yi masa tiyata."

Ƙofar ba ta motsa ba.

Na ce, "Inna, sunansa take so."

"'Yar nan, ɗan fari ne. Shekara arba'in ban taɓa kiran sunansa ba."

Na buɗe kwamfuta ina laluben layin sharaɗin da zan gyara. Kafin in samu, tsohuwar ta rufe fuska da mayafi, ta raɗa wa ƙarfen ƙofar, "Zubairu."

Ƙofar ta maimaita da ƙarfi, kowa ya ji, sannan ta buɗe.